Yadda Na Kusa Raba Shanun Shagari da Tozonsu

Shekarun baya, ana tsakiyar ɗokin mulkin kai, akwai wani shahararren mai zane a Boɗinga wanda babu kamarsa tun daga Sakkwato har bakin Kwara. Ni ne. Kuma ni nake faɗa da bakina a lokacin, domin na lura in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Tun da na shigo makarantar nan 'yan ajinmu suke damuna da tambaya, wai wa ya koya mini zane, wai wane littafi na karanta. To ku matso ku ji. Malamaina na farko su uku ne: kwalin ashana, gwangwanin madara, da ƙosai.

Kwalin ashana da gwangwani wajen mai shayin tashar mota nake samu. In ya ga na doso sai ya fara tattara mini su, don ya san in bai ba ni ba zan tsaya a kansa ina surutu har shayinsa ya huce. Ƙosai kuwa ga aikinsa. In na yago takarda daga littafin lissafi na ƙunshe ƙosai mai zafi a ciki, mai yakan ratsa ta ta koma shara-shara. Sai in cinye ƙosan, in ɗora takardar a kan hoton jikin gwangwani, in bi layin da fensir. Daga nan in kwafa a ƙasa da tsinke, in kwafa a bango da gawayi, har hannuna ya haddace. Allah kaɗai ya san yawan ƙosan da na ci saboda neman ilimi.

Bangon zaurenmu ya sha wahala, ni ma bayana ya sha. Kakata, wadda ba ta kirana sai da angonta, takan tsaya ta dubi bangon ta girgiza kai.

"Angona, ran lahira in anka ce ka hura musu rai, ƙaƙa za ka yi?"

"Ai mun yi arziki ke nan, Kaka. Dubi, garke guda na."

Ranar nan da muciya ta bi ni har ƙofar gida.

Garke guda ne kuwa, domin duk cikin zane-zanena babu wanda na ƙware a kai kamar saniyar jikin gwangwanin madara. Saniya ce mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, bayanta a miƙe sambal kamar bencin makaranta, ƙahoninta ba su wuce ɗan yatsa ba, hantsarta kamar tulu. Ina iya zana ta ido rufe. Ina iya zana ta da hannun hagu ina shan fura da na dama. Kullum safe da yamma shanun garinmu suna wucewa ta ƙofar gidanmu, har sai mun naɗe tabarma mun ba su hanya, amma ban taɓa ɗaga kai na dube su ba. A wurina waɗannan shanu ne kawai, na kashi da ƙuda. Saniyar zane tana jikin gwangwani.

Ana haka sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga koyon aikin dabbobi, da gajeren wandon kaki da keke da akwatin allura. Aikinsa yi wa shanu riga-kafin bushiya, cutar nan da in ta shiga garke sai ta bar makiyayi da sanda kaɗai. Bayan girbi aka ba shi yankinsa na kansa karo na farko, wato rugagen da ke kewayen Shagari. Mai gidansa a wurin aiki ya gaya masa a fili: in ya tara shanu ranar allura, yanki ya zama nasa, in bai tara ba ya koma wankin allurai a ofis, a turo wani. Ga shi kuma makiyaya suna shirin gangarawa kudu neman ciyawa. In suka tafi ba a yi musu ba, shi ke nan sai abin da Allah ya yi.

Takardun sanarwa da aka ba shi duk rubutun boko ne, ba su da amfani a ruga. Sai ya tuna yana da ɗan 'yar uwa wanda ya addabi bangon gari.

"Kai, zo nan. Kana iya zana mini saniya ana yi mata allura? Babba nika so, wadda za a hanga tun daga nesa."

"Kawu, tambaya kaka yi? Saniya ai ƙanwata ta."

Ya sayo mini yadin farin akoko mai faɗi. Na dama kunkunniya da ƙaro na sami baƙi, na jiƙa shuni saboda sama, na daka ganyen wake saboda ciyawa, na tauna kan asawaki har ya zama buroshi. Na shimfiɗa yadin a tsakar gida na hana kowa wucewa, har kaji sai da suka canza hanya. Na zana saniyata, ƙatuwa, tana murmushi, ga wani mutum mai gajeren wando yana soka mata allura mai tsawon tabarya.

Kada ku ce ni kaɗai ne wawa a labarin nan. Da Kawu ya gani sai da ya cire hula.

"Kai! Kamar bugun Ingila! Irin waɗanga na cikin littahin da anka koya muna aiki."

Shi ma, kun gani, saniyar takarda daban take a kansa da saniyar da yake kamawa da hannunsa kullum.

Hutun makaranta ne, don haka ya goya ni a keke muka tafi Shagari ana gobe kasuwa. Washegari da hantsi muka ɗaure yadin a jikin wata tsamiya kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Kafin mu gama ɗaurewa mutane sun taru. Na tsaya a gefe na harɗe hannuwa, na ɗaga haɓa, ina jiran a tambayi wane gwani ne ya yi wannan aiki. Har na shirya yadda zan ce, "A'a, ba komai, baiwa ce."

Shiru. Irin shirun da ake yi in an kawo tuwo babu miya.

Can sai mutane suka dare, wani dogon tsoho ya matso, da malfa a kansa da sanda a gicciye bisa kafaɗu. Shi ne ardon rugagen wajen Lambara, wanda in ya ce a kawo shanu za a kawo, in ya yi shiru ko ɗan maraƙi ba za a gani ba. Ya dubi yadin daga sama har ƙasa. Ya zagaya bayan tsamiyar ya leƙa, ko akwai sauran saniyar a can. Ya dawo.

"Samari, wagga dabba mi ta?"

Kawu ya rusuna. "Saniya ta, Baba Ardo. Ga ta nan an yi mata allura. Dubi yadda tay yi ƙiba, tas samu lahiya."

"An yi mata allura."

"An yi mata, ranka shi daɗe."

"To kahin a yi mata, tana da tozo?"

Wallahi sai a lokacin na dubi bayan saniyata. Sannan na juya na dubi kara. Shanu ne cike, fari da ja, kowace da tozonta zaune a kafaɗa kamar an kifa mata ƙwarya. Na sake duban tawa. Benci.

Kafin Kawu ya haɗa amsa wani mahauci ya yi tsalle ya shigo tsakiya.

"Jama'a, in tozo yat tahi, ni mi nika saida ma manyan gari? Wutsiya?"

"Dubi ƙahonin ma, sun koma ciki!"

"Jikin hwa? Wanga dabbare-dabbare, ƙuna ta ko kyasbi?"

Kawu yana ɗaga hannu yana rantsuwa cewa hoto ne kawai, yaro ne ya zana. Wa zai ji? Gani ya kori ji, ga shi kuwa sun gani, da shuni da ganyen wake. Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa cewa allurar gwamnati tana narkar da tozo. Kafin la'asar wata mai daddawa ta rantse ɗan ƙanwarta ya ga bijimin da aka yi wa a Danchadi, tozon ya narke yana bin ƙafarsa kamar man shanu a rana. Da yamma ta yi har an kai ga cewa saniyar da aka yi wa allura ba ta ƙara jin Fulatanci, sai an yi mata Turanci take tashi.

Makiyaya suka kaɗa shanunsu suka watse tun kasuwa ba ta tashi ba. Ranar allura kuwa kasuwa mai zuwa ce.

Kawu ya kwance yadin, ya naɗe shi a hankali, ya ɗaure a bayan keke. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Muka tafi masaukinmu yana tura keken, ina biye ina ƙirga duwatsun hanya da ido. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, ba ma da ni yake ba, "Ni in koma wankin allura ba komi na ba. Amma shanun ga in sunka tahi haka..." Ya shige ciki. Ranar ko fura ban iya sha ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Da sassafe ya ce in hau keke. Muka nufi rugar ardo. Muka same shi zaune a kan buzu ana tatsa. Aka gaisa, aka tambayi gida da shanu da gajiya, aka sake tambaya, aka kawo mana madara mai ɗumi. Sannan Kawu ya tura ni gaba kamar akuyar da aka kama a gonar mutane.

"Baba Ardo, ga mai laihin. Ba allura ta ɗauke tozo ba, hannun yaron ga na. Ga gwangwani yak koyi zane."

Ardo ya dube ni. Na sunkuyar da kai, amma na lura gemunsa yana ɗan rawa, yana danne dariya.

"Ni na yarda," in ji shi. "Amma mutanena sun gani da idonsu, ba ni iya goge musu ido da baki. In hannun yaro na yaɗ ɗauke tozo, hannun yaro shi maido shi. Bar muna shi nan. Shi zana saniya guda cikin garken ga, kar shi hwaɗa ma kowa wacce ta. In mutane sunka dubi zane sunka gane ta, an san hannunai ya gyaru, an kuma san wancan kuskure na. In ba su gane ba, samari, sai wata shekara."

Haka Kawu ya bar ni a ruga da gawayi da sauran akoko, ya tafi zagayen lallashi.

Aka haɗa ni da jikar ardo, wata yarinya tsarata, siririya, bakinta ya fi aska. Tun daga ranar farko ta raɗa mini suna Kaɗon gwangwani, har na bar rugar ban ji sunana na yanka ba.

Na share ƙasa na ɗauki tsinke, na ce a raina ai abu ne mai sauƙi, tozo ne kawai zan ƙara. Na zana saniyata ta kullum, na ɗora mata ƙullutu a baya.

Ta leƙo. "Wagga rijiya za ta? Na ga ta ɗauko tulu."

Na goge. Na matsar da ƙullutun tsakiya.

"Yawwa, raƙumi. Sannu da ƙoƙari."

Na goge. Abin da na gano shi ne hannuna ba ya jin maganata. Ko na ce masa ga saniya can a gabanka, sai ya bi tsohuwar hanyarsa kamar jakin da ya san gida. Ga kuma wata masifa: saniyar gwangwani ba ta motsi. Waɗannan kuwa da ka fara kai sai su juya maka gindi, da ka koma gindin sai su kwanta.

Da ta gaji da dariya sai ta je bakin tafki ta ɗebo laka. Ta mulmula wani dunƙule, ta ja shi nan, ta matse can, kafin in ƙifta ido ga ɗan bijimi a tafin hannunta. Ƙafafunsa guntaye ne, ido ma babu, amma ko makaho ya shafa ya san bijimi ne.

"Mu tozo muka hwara yi," ta ce, "sannan mu liƙa mai sauran saniya. Kai ka taɓa taɓa tozo ma kuwa?"

"Sau dubu."

"Ƙarya kaka yi. Taho."

Ta ja ni wurin wata farar gudali mai sanyin hali, ta kama hannuna ta ɗora. Ashe tozo ba a tsakiyar baya yake ba, a kan kafaɗa yake, ya ɗan kwanta baya, kuma yana rawa in ta taka. Ashe bayan saniya ba miƙe yake ba, yana gangarawa ya sake hawa wajen ƙugu. Ga wata fata tana reto tun daga maƙogwaro har ƙirji kamar an shanya zane. Ina cikin shafawa ina jin kaina masani, sai wani jan bijimi ya zo ta bayana ya huro mini iska a ƙeya. Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Da ba don ƙaya ta kama mini riga ba da a Mandera za a tsince ni.

Daga nan aiki ya fara na gaske. Na lura da tsakar rana shanu sukan kwanta a inuwa suna tuƙa, to lokacin ne suke ba da aron kansu. Sai in zauna in yi ta zanawa a ƙasa da sauri, ba gogewa, in wannan ta ɓaci in matsa gaba in fara wata. Da sassafe kuma, in rana tana fitowa ta bayansu, ba ka ganin ido ko launi, sai siffa baƙa ƙirin. Wannan ya fi komai taimakona, domin a nan ne na ga saniya ba layi ba ce, ƙwarya ce da tulu da turmi aka haɗa. Na cika filin rugar da shanun ƙasa, shanun gaske suna bi suna tattakewa, wasu har da ajiye ra'ayinsu a kai, mai ɗumi.

Duk da haka yarinyar nan ba ta gamsu ba.

"Kaɗo, kai hannunka kaka kallo ba saniya ba. Hannunka na za a yi ma allura?"

Ta ɗauko faifai ta riƙe a saman hannuna yadda ba zan ga abin da nake zanawa ba. Dole idona ya zauna a kan saniya, hannu yana bi a makance. Na farko da ya fito kamar an taka ƙadangare. Na biyu ma haka. Amma can sai na ɗaga faifan na ga wani abu karkatacce, ƙafa biyar, amma wuyan da tozon na wannan saniyar ne da ke gabana, ba na kowa ba. Na yi ihu har tuƙa ta tsaya.

Ni ma na rama, kada ku ce an ci ni da yawa. Na ba ta gawayi na ce ta zana abin da ta mulmula. Ta zana wani abu, har yau muna gardama ko kunkuru ne ko murhu.

A hankali na fara ganin abin da ban taɓa gani ba: babu saniya biyu iri ɗaya. Wannan kunnenta a tsage, waccan tana tafiya tana jan ƙafar baya, wata kullum fuskarta kamar an ci mata bashi. Sai na zaɓi tawa a ɓoye. Wata tsohuwar ja ce, ƙahonta na dama ya miƙe sama, na hagu ya lanƙwaso kamar yana son ya gaya wa kunnenta magana. Kawu da ya leƙo na roƙe shi ya samo mini karan dafi wurin dukawan Shagari, irin wanda suke rina jar fata da shi. Na shiga bayan wata bukka na shimfiɗa akoko, na kafa yarinyar nan gadi. Da ta leƙa ta gani ba ta ce komai ba. Daga bakinta wannan yabo ne babba.

Ana gobe kasuwa ardo ya tara mutane a gindin wata bishiya, har da na rugagen maƙwabta. Kawu yana tsaye a gefe yana murza hularsa kamar zai tatse ta. Na warware yadin. Ga jar saniya, ga mai gajeren wando, na kuma rage tsawon allurar ta dawo ta mutane.

Mutane suka zuba wa yadin ido. Na ce a raina shi ke nan, in ƙasa ta tsage ina shiga, ba sai an tura ni ba.

Sai matar ardo, wata tsohuwa da ke can baya da ƙwarya a hannu, ta saki salati.

"La'ilaha illallahu! Uwar garke! Wa yas sa ta cikin zane? Dubi ƙahon da tak karya ga rijiya!"

Wuri ya kaure. Yara suka ruga suka jawo saniyar da kanta aka tsayar da ita kusa da yadin. A dubi wannan, a dubi waccan. Ita kuwa ta matso ta shinshina hotonta, ta sa harshe ta lashe rabin ciyawar. Wani ya ce ai ga shi ita ma ta shaida. Ardo ya taka a hankali ya ɗora yatsa a kan tozon da na zana, ya juyo ya dubi mutanensa.

"Ga allura, ga tozo. Akwai mai sauran magana?"

Akwai. Wani ƙato mai faffaɗar kafaɗa ya fito fuska a murtuke, na ce yau kashina ya bushe.

"Ni ina da magana. Don mi anka zana tsohuwa mai karyayyen ƙaho, ga bijimina nan wanda babu irinai har Yabo?"

"Bijiminka? Wanga mai kai kamar turmi? Ai sai a zana farar gudalina!"

Nan fa gardama ta tashi, kowa yana kirarin tasa. Sai na ga idon Kawu ya yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ya mayar da hula kansa, ya ɗaga murya.

"Ku saurara! Gobe yaron ga shina zaune kusa da ni. Duk wanda yak kawo garkenai anka yi allura, shi zaɓi guda a zana mai!"

Ban san lokacin da aka yi shawara da ni ba.

Washegari tun kafin rana ta ɗaga muka hango ƙura ta taso ta ko'ina. Shanu ta gabas, shanu ta yamma, har da na mutanen da ba a gayyata ba. Ni dai a ganina duk shanun Jihar Arewa sun zo, wasu ma na tabbata daga ƙasar Faransa suka tsallako. Kawu da masu taya shi suna kamawa suna sokawa, ni ina gindin tsamiya ina zanawa. Akoko ya ƙare na koma takardun sanarwar nan na boko, a ƙarshe dai sun yi amfani, ta baya. Su ma suka ƙare na koma bayan ƙwarya, da faifai, da cikin malfa. Kowa kuma da ƙa'idarsa.

"Ƙara mai tozo, yaro."

"Baba, haka tozon yake."

"Na sani. Ƙara dai."

Mahaucin nan da ya fara tayar da hankali shi ma ya zo, wai a zana masa tozo kaɗai ba saniya, ya rataya a rumfa. Madara kuwa da fura da aka dinga turo mini, na sha har na ji in aka girgiza ni man shanu zai fito. Da yamma hannuna ya ƙage kamar ƙafar kaza, sai da aka gasa mini shi da ruwan zafi. Kawu ya zauna kusa da ni a ƙasa, rigarsa jiƙe sharkaf, allurarsa ta ƙare kakaf har ya aika a ƙaro. Ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya. Yankin ya zama nasa, har yau kuma shi ke riƙe da shi.

To masu tambaya, ga amsarku. Ban ce ku bar kwafa ba. Ku kwafi duk hoton da kuka samu, yana sake hannu, kuma hujja ce mai kyau ta cin ƙosai. Amma ku sani wanda ya yi hoton nan abin ƙasarsu ya duba ya zana, ku ma sai ku fita ku dubi naku. Ku zana da yawa, da sauri, a ƙasa inda ba a jin ciwon ɓatawa. Ku fara da babban abu kafin gashin ido. In abin yana taɓuwa ku taɓa shi, bayan kun duba bayanku. Kuma in kun gama kada ku kai wa mai ƙaunarku, zai ce kamar bugun Ingila. Ku kai wa wanda ya san abin, mai bakin da ba ya tsoron kowa. Zai ƙona muku rai, amma gara shi da cikakkiyar kasuwa.

Har yanzu in zan zana abu, ko da kujerar ajinmu ce da nake zama a kai kullum, sai na ji kunya ta kama ni in ban tsaya na dube ta ba tukuna.

Da damina ta faɗi makiyaya suka dawo daga kudu, wata rana muna tsakar gida sai ga sallama. Wani saurayi ne daga rugar Lambara, da ƙwarya a rufe da faifai, wai saƙo ne daga ardo zuwa ga Kaɗon gwangwani. Kakata ta karɓa ta buɗe. Curin man shanu ne ƙato, an mulmula shi kamar tozo, ya ɗan kwanta baya, ban kuma yi tambayar hannun wa ya mulmula ba.

"Ardo ya ce a gaishe ka," in ji saurayin. "Ya ce can kudu cuta ta shiga garkunan da munka yi maƙwabtaka da su, namu ko guda ba ta hwaɗi ba. Ya kuma ce a gaya ma kawunka, kullum da sahe shina shahwawa. Tozo na nan."